Bayan katangar maƙabarta: kundin aikin na'urar gano ƙarfe

3 ga Maris

An fara aiki. Mai filin, wani dattijo, yana so ya haƙa magudanar ruwa ya kuma kafa shinge a gefen arewa na tsohuwar maƙabartar da ta yi iyaka da gonarsa. Kafin motar haƙa ta shigo, ya nemi in bi wurin da na'ura, ko akwai tsohon bututu ko waya a ƙasa, abin da kuma na tsinta na tarihi mu rubuta shi. An daɗe da daina binne mutane a maƙabartar. Duwatsun da rubutunsu ke karantuwa, shekarunsu sun kama daga wajejen 1860 zuwa 1920 da 'yan kai, kuma irin wadda ake sa gawa a akwatin katako ce.

Na karɓi izini a rubuce, na kuma faɗa masa sharaɗina: ba na tsallaka katanga. Cikin maƙabarta ba wurin na'ura ba ne ko da doka ta yi shiru, balle a ƙasashe da yawa ba ta yi shiru ba. A Ingila tun 1857 laifi ne a tono gawar da aka binne ba da lasisi ba. A ƙasar Ayalan (Ireland) kuwa neman kayan tarihi da na'ura ma sai da lasisi, ko a gonarka ne.

Filin mita 60 ne a tsawo, 15 a faɗi, yana gangarowa daga katangar. Mun kafa turaku, mun ja igiya, mun yanka shi gida-gida, kowane gida mita 5. Ɗan ƙanwata ne ke riƙe da littafi: lambar gida, zurfi, abin da ya fito.

Na kashe tacewar na'urar gaba ɗaya. Yadda take aiki, faifan da ke ƙasa yana aika maganaɗisu cikin ƙasa, ƙarfen da ke binne ya mayar da amsa, daga jinkirin amsar sai ta yi hasashen irin ƙarfen, ta nuna lamba: baƙin ƙarfe can ƙasa, azurfa da jan ƙarfe can sama. Masu neman sulalla sukan sa ta toshe baƙin ƙarfe don kada ƙusoshi su dame su. Ni a wannan aikin ina son in ji komai.

10 ga Maris

Shara. Marfin lemo, guntun waya mai ƙaya, takalmin doki, haƙorin garma, gindin harsashin bindigar farauta. Maɓallin tagulla guda biyu, da sulai ɗaya da ya goge har ba a gane fuskar da ke kai. Layin da ke nesa da katanga ke nan, mun kusa gama shi. Babu bututu, babu waya.

Abu ɗaya da ya kamata mai karatu ya riƙe: na'ura irin tawa tana jin sulai ne a zurfin santimita 20 zuwa 30, babban ƙarfe kuma ta ɗan wuce haka. Kabarin babban mutum yakan kai mita ɗaya da rabi ko fiye. Saboda haka abin da ake tsinta a gefen maƙabarta galibi na masu rai ne, wanda ya faɗo daga aljihun 'yan rakiya da masu ziyara da masu haƙa.

17 ga Maris

Yau tsikar jikina ta tashi.

Gida na 14, sauti mai taushi, lamba a tsakiya, irin wadda ko dai takardar alminiyam ce ko zinariya. Na yanko ƙasa da ciyawarta na kifar, na zura ƙaramar na'urar hannu cikin ramin, ta yi ƙara a gefe. Na sa yatsa na ɓare dunƙulen laka, sai ga haƙora huɗu a jere, farare tas, suna kallona.

Yaron ya ja da baya har ya taka igiya. "Kawu, mutum ne?"

Ba mutum ba ne, amma sai da na ɗauki lokaci kafin in iya cewa haka da ƙarfin zuciya. Haƙoran na tangaran ne, an dasa su a kan wani abu ja-ja mai kama da dasashi, da 'yar ƙugiyar zinariya a kowane gefe wadda ke maƙalewa a haƙorin gaske. Ƙugiyar ce na'ura ta ji. Jan abin roba ce mai tauri da aka gasa da farar wuta, wadda masu gyaran haƙori suka fara amfani da ita a shekarun 1850, ta yi ta tafiya har robar zamani ta ture ta wajejen 1940. Haƙorin mutum da ya daɗe a ƙasa yakan rine, yana da saiwa. Waɗannan ba saiwa, kuma haskensu ya yi yawa. Na gaban akwai wanda gefensa ya ɗan ɓalle, mai su ya ci gaba da tauna da su a haka har wurin ya yi sumul.

Ta yaya suka zo nan? Ko dai wani ya yar da su a gona, abin da ke faruwa fiye da yadda ake zato, ko kuma wani mai haƙa sabon kabari ya ci karo da tsoho ya watso ƙasar ta bayan katanga. Zurfinsu santimita 12 ne kawai, a cikin ƙasar da garma ta sha juyawa. Na sa su a leda, na rubuta.

31 ga Maris

Wani faifan ƙarfe mai faɗin babban sulai, ba tsatsa ko kaɗan, da huda a sama, da lamba biyar da aka buga a jiki. Kusan a saman ƙasa yake, ƙarƙashin wata bishiya a kusurwar gabas. Wanda bai sani ba zai ce lambar makullin ɗaki ce.

A ƙasashen da ake ƙona gawa, musamman Amurka, ana haɗa gawar da irin wannan faifan na ƙarfen da ba ya tsatsa, ya shiga wuta tare da ita ya fito, a saka shi cikin tokar don kada a musanya ta wani da ta wani. Idan dangi suka zo watsa toka, sau da yawa ba su ma san yana ciki ba. Da na duba ƙasar gindin bishiyar da kyau sai na ga 'yan ɓarɓashi fari-fari masu kaushi, gauraye da ganye.

Wannan ba kayan tarihi ba ne. Na wani ne da mutanensa wataƙila suna nan da rai, suka zaɓi gindin bishiyar nan da gangan. Na mayar da shi inda yake, na danna shi ƙasa da ɗan yatsa. A littafi mun rubuta gidan da abin da aka gani, ba mu rubuta lambar ba.

6 ga Afrilu

Kusurwar yamma, dab da gindin katanga. Sautin baƙin ƙarfe ne amma a cure wuri ɗaya, ba a warwatse ba. A zurfin kamu ɗaya shebur ya taɓa gilashi.

'Yar kwalba ce koriya, a kife, bakinta ƙasa, an toshe ta da wani abu baƙi. Na goge lakar na ɗaga ta ga rana. A ciki akwai ƙusoshi da allurai, kowace a lanƙwashe, tsatsa ta haɗe su dunƙule guda, da wani abu mai sili-sili da ya yi kama da gashi, da sauran ruwa mai launin ƙasa kamar rabin yatsa.

Yaron ya ce ba zai ɗauka ba, ba kuma za ta shiga jakarsa ba. Ban matsa masa ba.

An san irin wannan sarai. A Ingila ta ƙarni na 17, wanda ya yi zaton an yi masa sammu yakan zuba fitsarinsa a tulu ko kwalba, ya haɗa da ƙusoshi da allurai da gashi, ya binne, da nufin cutar ta koma kan wanda ya aiko ta. A 2004 ma'aikata sun tono wata a unguwar Greenwich ta Landan da murfinta bai taɓa buɗuwa ba. Da aka bincika, an samu fitsari, lanƙwasassun ƙusoshi da allurai, gashi, yankakken farce, da guntun fata mai siffar zuciya da aka soke da ƙusa. Al'adar ta bi masu hijira zuwa Amurka, ta kuma daɗe fiye da yadda masu ilimin zamanin suke son yarda. Tawa kwalbar ba ta kai can ba a shekaru, don akwai layin injin a jikinta har zuwa baki, alamar ƙarni na 20.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutane ke ɗaukar irin wannan a matsayin aikin mugu. Sau da yawa aikin matsoraci ne, mara lafiyan da likita ya gaza masa. Ko allunan dalma kusan 130 da aka ciro daga maɓuɓɓugar ruwan zafi ta garin Bath a Ingila, na zamanin Romawa, masu ɗauke da tsinuwa, yawancinsu kukan wanda aka sace wa riga ne ko 'yan kuɗi a wurin wanka.

Ban buɗe ta ba. Abin da ke ciki shi ne darajarta ga masu bincike, kuma ba na sha'awar warin.

14 ga Afrilu

Ruwa ya hana fita, sai na zauna na zuba abin da ke littafi a kan taswira, kowane irin abu da launinsa.

Ƙusoshi suka ja hankalina. Iri biyu muke samu. Akwai mai zagayen jiki da ake yi da waya, wadda ta mamaye kasuwa daga wajejen 1890, har yau ita ce a hannun kafinta. Akwai kuma mai kusurwa huɗu, wadda inji ke yankowa daga fallen ƙarfe, tana sirancewa zuwa baki, ita ce ta kusan duk ƙarni na 19. Masu zagayen sun bi layi ɗaya miƙaƙƙe, wato tsohon shinge, ba abin tambaya. Masu kusurwa huɗun kuwa babu su a gabas, babu su a ƙasan gangare. Duk sun taru a gidaje shida na tsakiya, tsakanin mita 2 zuwa 8 daga katanga. Wasu da guntun katako maƙale a jiki, tsatsa ta riƙe shi bai ruɓe ba.

Zai iya zama rumfa ce ta taɓa tsayawa a wurin, ko ɗakin ajiyar kayan masu haƙa. Haka nake so ya zama.

21 ga Afrilu

Gida na 27. Sauti mai tsabta, lamba a sama, zurfi kamar santimita 25. Na yi zaton murfin tukunya ne ko ƙarfen linzami.

Mariƙi ne. Farin ƙarfe mai nauyi, irin gamin dalma da kuza, ya yi toka-toka. Sanda ce 'yar gajeriya mai lilo, rataye a jikin wani fallen da ke da hudar sukuru biyu, sukuru ɗaya na nan a wurinsa da ɓarɓashin katako a zarensa. Na zuba ruwa daga gora na goge da babban yatsa. A tsakiyar fallen akwai ɗan rago a kwance, ƙafafunsa a naɗe, har gashin jikinsa an fitar da shi ɗigo-ɗigo. Na gwada riƙe sandar, yatsuna uku kawai suka shiga.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 kayan akwatin gawa sun zama sana'ar masana'anta. Birmingham ta Ingila ta yi suna a kai, a Amurka ma kamfanoni na buga littafin samfura, mai shirya jana'iza ya zaɓi mariƙi da allon suna da kan sukuru mai ado. A cikin waɗannan samfuran, ɗan rago na akwatin yara ne.

Ban faɗa wa yaron nan take ba. Na ce ya miƙo min safar hannu ta roba. Tun lokacin yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, aka yi ta ɗura wa gawa ruwan da ke da gubar asenik don kada ta lalace, har farkon ƙarni na 20 da aka hana, kuma gubar ba ta ruɓewa, tana zama a ƙasa. Na leƙa ramin. Ƙasar gefe ɗaya ja ce mai tauri, ta ɗaya gefen kuwa baƙa ce mai laushi, kuma iyakar da ke tsakaninsu miƙaƙƙiya ce kamar an ja ta da wuƙa. Ƙasa ba ta yin haka da kanta. Bakin rami ne da wani ya taɓa haƙawa ya cike.

Na ɗauki hoto da ma'auni a gefe, na mayar da mariƙin daidai yadda na same shi, na rufe. Daga yau shebur ya daina aiki a gidajen tsakiya.

28 ga Afrilu

Mun dawo da na'ura da 'yan tutoci kawai. Duk inda ta yi ƙara a kafa tuta: ja ga baƙin ƙarfe, fara ga mai lamba a sama. Ba haƙa. Na rage saurin lilo da faifan, na bi kowane gida ta tsaye sannan ta kwance.

Tun kafin azahar abin ya fito, ba sai an kai shi takarda ba. Fararen tutocin bibbiyu suke zuwa, ɗaya na fuskantar ɗaya, tsakaninsu bai kai rabin mita ba. Jajayen sun kewaye su. Idan ka koma gefe ka tsaya a kan tudu, sai ka ga siffofi masu kusurwa huɗu a jere, duk sun miƙe gabas da yamma, daidai da na cikin katanga. Na ƙirga bakwai da nake da tabbaci a kansu. Biyar daga ciki tsawonsu bai wuce mita ɗaya ba.

Haƙoran da kwalbar sun ba ni tsoro na minti biyar. Wannan kuwa har na kwanta yana raina, alhali ba komai ba ne illa ƙusoshi da tutocin leda.

Na kira dattijon. Ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba.

Na ce, "Baba, an taɓa kwashe ƙasar wurin nan?"

Ya ce lokacin yana yaro mahaifinsa ya kawo katafila ta daidaita gangaren don garma ta samu shiga, an kankare tudun da ke jikin katanga aka tura ƙasa. "To amma ɗana, katangar ai ga ta nan. Maƙabarta a ciki take."

Nan ne kowa ke ruɗuwa. Katanga sau da yawa ƙanwar maƙabarta ce ba yayarta ba: ana gina ta daga baya, a kewaye duwatsun da ake gani a lokacin. Wanda alamarsa ta katako ce ta ruɓe, ko wanda ba a taɓa sa masa alama ba, sai ya kwana a waje. Wasu kuma da gangan aka ajiye su a wajen. A Ayalan akwai wurare na musamman, fiye da dubu, da aka riƙa binne jariran da suka mutu kafin a yi musu baftisma. A Ingila sai a 1823 aka hana binne wanda ya kashe kansa a kan hanya. Gefen arewa na majami'a kuwa an daɗe ana barinsa ga baƙi da matalauta. Ko inda hukuma ta ce ta kwashe maƙabarta kakaf, ana barin wasu: a San Francisco a 2016 masu gyaran wani gida sun tono akwatin ƙarfe mai tagar gilashi da gawar yarinya a ciki, wadda ta rasu a 1876, daga maƙabartar da aka ce an kwashe tun shekarun 1930.

Kabarin yaro dama ba ya zurfi kamar na babba. A cire masa ƙasar sama da katafila, a bi da garma shekara da shekaru, sai ya zamana abin da ya rage a kansa bai fi tsawon hannu ba. Shi ya sa na'urata ta ji abin da bai kamata ta iya ji ba. Motar haƙa kuwa an shirya za ta nutsa mita ɗaya, kuma layinta ya ratsa ta kan huɗu daga cikin bakwai ɗin.

Ya buga wa mai motar waya a gabana ya ce a dakata.

12 ga Mayu

Mun sanar da 'yan sanda da ofishin kula da kayan tarihi. Haka tsarin yake kusan ko'ina: duk inda ake zaton akwai gawa, 'yan sanda ne farko, su tabbatar ba sabon lamari ba ne. Ba wasa ba ne, don a 2011 a unguwar Queens ta New York an tono wata mata a akwatin ƙarfe, jikinta bai lalace ba har aka fara ɗauka kisan kwanan nan ne, ashe ta fi shekara 150 a ƙasa. Jami'in da ya zo ya duba hoton mariƙin da taswirar, ya yi rubutu, ya bar wa masana.

Masanan sun zo da rada mai leƙa ƙasa, wadda ake turawa a kan taya. Ita ba ƙarfe take nema ba, bambancin ƙasar da aka taɓa haƙawa da wadda ba a taɓa ba take nunawa, don haka tana ganin ramin da ba ƙusa ko ɗaya a ciki. Shugabar tawagar ta karɓi littafinmu ta yi ta juya shafuka, ta tambayi wanda ya rubuta. Na nuna yaron. Tun daga lokacin bakinsa bai rufu ba.

Ta yi min faɗa kaɗan kan kwalbar, wai da na bar ta a inda take. Ni kuma na ce da na bar ta, da bokitin mota ne zai same ta. Ba mu daidaita ba, amma ta karɓe ta, da haƙoran, da ƙusoshin kowace a ledarta da lambar gidanta.

26 ga Mayu

Sakamakon rada ya zo: bakwai ɗina suna nan, da ƙarin wasu huɗu da ba su da ƙarfen da zan ji, biyu daga ciki sun shiga ƙarƙashin katangar kanta. Ba za a tono kowa ba. Za a mayar da magudanar mita 12 ƙasa da inda aka tsara, shingen kuma ya kewayo ta bayan kaburburan, a daina noma wurin. Dattijon ya yi asarar ɗan yanki na gona, bai yi gardama ba, abin da ya dame shi kawai kuɗin ƙarin bututu.

Sabon layin magudanar ya faɗa wajen turakunmu, don haka sai an sake ja igiya daga gida na 37 zuwa bakin rafi. Ciyawa ta yi tsawo a can, sai an yanke kafin faifai ya iya kusantar ƙasa. Mai motar haƙa ya ba mu zuwa tsakiyar Yuni.